Ciwon da awo ba ya gani

A Barmu, cikin ƙasar Adar, akwai wata mata mai ƴaƴa huɗu. Mijinta yana Abijan wajen bida, kamar mazan garin da yawa, sai gab da damina yake zuwa gida. Shekara uku ke nan jikinta na ciwo: wuya, kafaɗu, baya, gwiwoyi, yau nan, gobe can. Ta kwana, ta tashi kamar wadda ta yini ɗaukar duwatsu a kan fako. Wani lokaci ta aza tukunya ta mance ko ta sa gishiri.

An kai ta Tawa. An auna jini, an ɗauki hoto, ba a ga komi ba. Nan wahalarta ta ƙaru, domin mai ƙurji ana yi masa sannu, amma wanda awo ya ce lafiya lau yake, sai a sa masa ido. Wasu suka ce iska ce, wasu sammu. Aka sayar da akuya biyu wajen neman magani. Uwar mijinta kuwa ta ce: "Ke dai son jiki gare ki. Mu da goyo muka yi daka, muka yi rijiya." Har ta aika wa ɗanta ya fara tunanin ƙarin aure.

Abin da ya fi muni, matar da kanta ta yarda. In ta kasa gama surfe sai ta riƙa zagin kanta: raguwa, marar amfani. Daren da ta yi haka ba ta samun barci, ciwon kuma da safe ya fi na jiya.

Jama'a, wannan ciwo yana da suna. Likitoci na ce masa fibromiyaljiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin littafinta na cututtuka. A 1990 likitocin Amurka suka tsara yadda za a gane shi: ciwo ko'ina a jiki wata 3 ko fiye, da wurare 18 da ake dannawa, 11 su yi zafi. A 2010 suka bar dannawar, suka koma duban gajiya, rashin barci da mantuwa. Mutum 2 zuwa 4 cikin 100 ke da shi, mata sun fi yawa. Ba ƙashi ne ya lalace ba. Jijiyoyin da ke kai labarin zafi ga ƙwaƙwalwa ne ke ƙara masa ƙarfi, kamar rediyon da aka buɗe muryarta har ƙarshe.

Wani lokotoro ne ya yi mata wannan bayani, a zuwanta na uku. Bai yi mata alkawarin warkewa ba. Ya ce: "Baiwar Allah, ciwonki gaskiya ne, kuma ba laifinki ba ne." Ta yi kuka a gabansa.

Ya koya mata abu biyu. Na farko natsuwa: bayan sallar asuba ta zauna minti 10, ta bi numfashinta da hankali, in zafi ya taso ta lura da inda yake, kada ta bi shi da tunanin gobe. Jon Kabat-Zinn ya fara koya wa masu daɗaɗɗen ciwo irin wannan a Amurka a 1979, cikin mako 8. Na biyu tausayin kai, wanda Paul Gilbert na Ingila ya mayar hanyar jinya: ta yi wa kanta magana yadda za ta yi wa ƙanwarta in ita ce kwance. Waɗannan ba su kashe ciwon, sai dai su rage wa wasu nauyinsa. Ya ƙara da tafiya kaɗan kullum, domin motsa jiki a hankali shi ne abin da bincike ya fi tabbatarwa, da raba aiki: daka rabi da safe, rabi da marece.

Na biyun ya fi yi mata wuya. Mace a ƙauyukanmu ta iya yi wa kowa sannu, ban da kanta.

Yanzu wata biyar ke nan. Ciwon yana nan, da sanyin hunturu ma ya tsananta, amma tana samun barci, ta kuma koma ajin yaƙi da jahilci. Zancen auren bai mutu ba, sai mijin ya zo. Rannan tana tsakiyar daka ta jingine taɓarya ta ce: "Inna, zan huta kaɗan." Tsohuwar ta dube ta, ba ta ce komi ba, ta kira jikarta ta ƙarasa.