Jamus a Bakin Zaure

 

Mu uku ne muka haɗu muka rubuta wannan, biyu 'yan aji biyar, ɗaya ɗan aji uku, duk gidanmu ɗaya a Zangon Hausa. Da Malam ya ce kowa ya kawo abin da ya koya a bana, sai muka ce mu labarin kare za mu rubuta. Aji ya fashe da dariya. Malam kuwa cewa ya yi mu rubuta, amma da sharaɗin kada mu ɓoye laifinmu a ciki. To, ga shi.

Kawunmu direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga Tamale zuwa Kumasi da Tema. Bayan ɓarayi sun haura katanga sun ɗauke babur ɗinsa, sai ya dawo daga wata tafiya da kare a gaban mota. Ba irin karnukan da muka saba gani suna yawo a bayan kasuwar Aboabo ba ne. Wannan ja ne, ƙirjinsa fari, gashinsa gajere, fuskarsa a murtuke kamar an yi masa laifi, hancinsa a tauye. Kawu ya ce irinsa ake ce wa Boksa, kuma asalin irin daga ƙasar Jamus ne. Daga ranar muka sa masa suna Jamus.

Kaka ta ce muddin tana raye kare ba zai taka mata tsakar gida ba. Saboda haka aka ɗaure shi da sarƙa a bayan gida, jikin katanga, aka jingina masa guntun kwano. Kawu ya koma hanya, ciyar da shi ya zama aikinmu. Gaskiya ba mu riƙe aikin da kyau ba. Mukan zuba masa ragowar tuwo daga nesa mu gudu. Ruwa kuwa, wani lokaci kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya zuba.

Kun san azumin 2024 ya faɗo cikin watan Maris, kuma kun san Maris a Tamale: rana kan kai maki 40, ƙasa ta yi zafin da ba a takawa ba takalmi. Wata ranar Asabar bayan azahar muna kwance a baranda, ƙishi ya hana mu ko magana, sai ƙaraminmu ya ce, "Yau ban ji kukan Jamus ba fa." Muka zagaya. Muka same shi a kwance, harshe a waje, yana haki kamar numfashin zai yanke. Inuwar kwanon ta gushe ta bar shi a rana, sarƙar ba ta kai inda inuwar ta koma ba, kwanon ruwansa a kife, a bushe. Mu da muke azumi mun san magariba na zuwa. Shi bai yi niyyar azumi ba, mu muka ɗora masa.

Ba mu nemi izinin kowa ba. Muka kwance shi, muka ɗora shi a kan buhu, muka ja shi zuwa zaure inda simintin yake da sanyi, muka riƙa zuba masa ruwa a jiki. Baba ya kira wani ma'aikacin ofishin dabbobi. Shi ya gaya mana cewa kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma irin masu gajeren hanci su suka fi wahala, domin iska ba ta wuce musu da sauƙi. Ya ce in aka mai da shi wurin nan, wata rana gawarsa za mu ɗauka.

Bayan buɗa-baki aka yi ta. Kaka ta ce, "Ku 'yan nan, gidan salla za ku mayar mini gidan kare? Mala'ikun rahama fa?" Baba ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri zuwa gobe, mu ji ta bakin Malam." Mma ba ta ce komai ba, sai dai ta kwashe butoci da tabarmi ta shige da su ɗaki.

Washegari Baba ya tafi da mu wurin Malam. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da yaran nan suka jawo." Mun zaci Malam zai ba wani gaskiya ya hana wani, amma sai ya ce Kaka tana da hujja, mu ma muna da ita. Ya ce hadisin da ya yi maganar mala'iku da gidan da ke da kare ingantacce ne, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa, ta hana ajiye kare a gida haka kawai, sai don gona ko kiwo ko farautar neman abinci. Sannan ya ba mu labarin da malaman sharhi suke kawowa, cewa shi kansa mai Risalar ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, don haka malamai da yawa suka halatta karen gadi in akwai buƙata ta gaskiya. Ya ƙara da cewa a mazhabar Imam Malik jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma in ya sa baki a ƙwarya ana wanke ta sau bakwai don bin umarni, su kuma Shafi'awa suna ɗaukarsa najasa, suna haɗawa da ƙasa a wankin. Daga nan ya juyo kanmu. Ya tuna mana mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci. Ya ce, "Ku kuka ɗaure shi, ku za a tambaya." Sai ya tambaye mu, a Suratul Kahfi a ina karen samarin nan ya kwanta? Muka ce a bakin ƙofa. Ya ce, "To, ku je ku yi tunani."

A daren nan Baba ya tara gida duka, aka yanke dokoki. Jamus zai zauna a zaure da ɗan lungun da ke jikinsa, inda akwai inuwa duk yini. Ba zai ƙetare dokin ƙofar ciki ba, balle ɗaki ko madafa ko wurin salla. Kwanukansa biyu aka shafa musu jan fenti, ba a haɗa su da na gida ko a wurin wanki. Randa da duro su kasance a rufe. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu. In baƙi za su shigo, ko yara masu zuwa karatun allo, a ɗaure shi a lungu tukuna. Aka kai shi aka yi masa allurar rigakafin haukan kare, aka ba mu kati. Ma'aikacin ya ce ko da an yi allura, in ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti. Kaka ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ranar da ya ƙetare, ranar zai bar gidan nan."

Koya masa bai yi wuya yadda muka zata ba. Muka zaɓi kalma ɗaya, "Koma!", kowa ita yake faɗa. In ya ɗora ƙafa a dokin ƙofa a ce "Koma!", in ya ja da baya a ba shi ɗan abin ci a can cikin zaure. Kafin ƙaramar Salla ya gane. Yakan kwanta ya ɗora haɓa a kan dokin ƙofar yana kallonmu muna cin abinci, amma ba ya wucewa.

Mu ne muka karya dokar. Ranar da Kaka ta tafi suna a Sakasaka, tausayin idon nan nasa ya kama mu, muka kira shi tsakar gida muka ba shi ƙashi. Muka ce ai sau ɗaya ne. Bayan kwana biyu muka sake. Ranar Juma'a da safe, Mma ta ajiye ƙwaryar koko ta shiga ɗauko sukari, ta fito ta tarar da kan Jamus a ciki. Kaka ta ɗauki sanda, ta ce a kira Kawu ya zo ya ɗauki abinsa.

Mun yi shiru na ɗan lokaci, kowa yana kallon ƙasa. Sai babbarmu ta ce, "Kaka, ba laifinsa ba ne. Mu muka kira shi ciki, har sau biyu." Kaka ta dube mu ta ce, "Ashe karen ya fi ku riƙe magana." Wallahi wannan ta fi bulala zafi. Aka zubar da kokon, muka wanke ƙwaryar sau bakwai tana ƙirgawa, aka hana mu kuɗin makaranta na kwana uku don a biya gero. Sai da muka yi kusan wata guda muna "Koma! Koma!" kafin ya sake yarda cewa dokar tana nan. Abin da muka rushe a yini biyu ke nan.

Yanzu damina ta wuce, hunturu ya shigo, mun shimfiɗa masa tsohon buhu saboda gashinsa ba ya tare sanyi. Ba a sake haura mana katanga ba. Kaka har yau ba ta kiran sunansa, "wancan" take ce masa, kuma in za ta fita sai an ɗaure shi. Amma da rana tsaka takan ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "Kun duba ruwan wancan kuwa?"

Abin da muke roƙon 'yan'uwanmu ɗalibai shi ne, duk wanda ke da dabba a ɗaure a gida, kare ne ko akuya ko tunkiya, ya je ya duba ta da azahar, ba da safe kawai ba, domin inuwa tana tafiya, igiya kuwa ba ta binta. In kuma an kafa doka a gida, kada mu zama masu fara karya ta a ɓoye.

 Allah ya gafarta mana sakacin da muka yi, ya ƙara wa Kaka lafiya da nisan kwana.