Takarda zuwa ga mushe

Kai mai karatu, in za ka yi tafiya da yaronka ɗan lakwal, kana gaya ma mushensa? Ni dai sau ɗaya na ƙyale, kuma na ji kunya.

Bara, bayan Sallar layya, muka tashi daga Maraɗi ni da iyali, muka tafi Tasawa gaida tsohuwata. Kwana 3 muka ce, sai da muka yi 8. Ɗiyata tana aji huɗu, ban ce ma kowa komi ba. Mushe yana ta kiran suna safe da marece, shiru. Ashe cikin satin nan aka yi jarrabawa. Yarinya ta samu sifili, ta kwana tana kuka. Ni da nike koya ma manya rubutu, na kasa rubuta layi uku!

Bana kam na yagi takarda cikin kaye, na rubuta da Hausa: "Gaisuwa, Mushe. Za mu Tasawa, ɗiyata ba ta zuwa daga Litinin har Juma'a. Don Allah a ba ta aikin da za ta yi can."

Ya karanta, ya ce ai ran Alhamis akwai jarrabawar lissafi. Laraba da marece muna gida.