Kwanan Daji da Iyali a Gaɓar Yammacin Ostireliya

Mutanen Yammacin Ostireliya suna da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ɗaure mini kai. Magidanci yana da gida mai ruwan famfo da wutar da ba a ɗaukewa, amma da zarar an ba yara hutun watan Yuli sai ya ɗaure katifu da jarkoki a saman mota, ya kwashi iyalinsa ya nufi inda ba ruwa, ba wuta, ba sabis ɗin waya, ya kwana cikin tanti, kuma shi zai biya hukuma kuɗin kwanan. Da maƙwabcinmu a birnin Perth, wani dattijo mai gyaran famfo da ya yi ritaya, ya ce mu biyo shi da matarsa, uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, wato kuɗinmu za mu biya mu je mu sha wahalar da muka baro a ƙauye?" Yara ne suka rinjaye ta. Muka yi hayar Land Cruiser mai tanti a samanta, muka bi bayansu.

Jihar Yammacin Ostireliya ita kaɗai ta kusa ninka Najeriya sau uku a faɗi, mutanenta kuwa wajen miliyan 3 ne, kuma mafi yawansu a Perth da kewayenta suke. Daga Perth zuwa Exmouth, inda muka sa gaba, kilomita kusan 1,250 ne. Yuli tsakiyar sanyi ne a can, kuma arewa ake gudu neman ɗumi. Kwalta lafiyayya, sai dai ka yi ta gudu ba ka ga ko bukka ba, sai can ka tarar da gidan mai guda da ɗakin cin abinci a jikinsa. Dattijo ya kafa mana doka biyu: duk inda aka ga mai a cika tanki ko bai kai rabi ba, kuma kafin rana ta faɗi mota ta tsaya. Da magariba kangaru ke fitowa kiwo bakin titi, hasken fitila ya ruɗe shi ya faɗo gaban mota. Mushen da muka riƙa wucewa da safe ya isa shaida. Aikin manyan tirelolin nan ne masu jan bodi biyu ko uku, waɗanda ba sa taka birki saboda dabba.

Muka bar babban titi muka karkata yamma zuwa Shark Bay, yankin da UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 1991. A Hamelin Pool ruwan ya ninka na teku gishiri sau biyu, kuma a cikinsa akwai wasu dunƙulallun duwatsu da masana suka ce suna da rai: ƙwayoyin halitta ne ke gina su, ba su ƙara ko milimita ɗaya a shekara. Yara suka leƙa suka ce dutse ne kawai, kuma ban ga laifinsu ba. Shell Beach ce ta kama su. Gaɓa ce fara fat wadda babu yashi a cikinta ko kaɗan, duk kwanson wata 'yar halittar ruwa ne da bai fi farce ba, ya taru shekara da shekaru har zurfinsa ya kai mita bakwai zuwa goma a wasu wurare. Inda ya daskare, mutanen da suna yanka shi da zarto su yi bulo, kuma har yau akwai coci a garin Denham da aka gina da shi. A titin Denham ɗin muka tsaya wa emu, ɗan'uwan jimina, ya tsallaka da 'ya'yansa a nitse. Namijin ne ke kwanci kuma shi ke reno. Uwargida ta ce a maimaita mata wannan magana.

Kwalta ta ƙare a ƙofar gandun Francois Peron, wanda kiwon tumaki ake yi a cikinsa har zuwa 1990. A nan na ga abin da direbobinmu za su ce hauka ne: kowa ya durƙusa yana sace iskar tayarsa da hannunsa. Daga awo 40 muka sauke zuwa wajen 18. Hikimar ita ce taya mai laushi tana shimfiɗuwa a kan yashi ta yi tafiya a samansa, mai tauri kuwa haƙa take yi ta binne kanta. Hukumar gandun ta girka injin hura iska a wurin, kyauta, don in ka fito ka mayar. Daga nan sai jan rairayi mai zurfi, tayoyi huɗu duka suna ja, sitiyari yana rawa a hannu. Ba a taka birki da ƙarfi, ba a juya kai da sauri, ba a sakin totur a kan tudu. Akwai kuma wasu filaye farare, shimfiɗaɗɗu, masu kiran direba ya hau su ya huta. Dattijo ya ce ko da wasa kada in gwada: ɓawo ne a sama, taɓo a ƙasa, mota sai ta nutse har ƙofa.

Duk da haka mun kafe, kamar yadda kusan kowa ke kafewa. Ba ihu, ba tura mota da ƙarfin tsiya. Aka ƙara rage iska, aka sa shebur aka share gaban tayoyi, aka cusa wasu allunan roba masu haƙora a ƙarƙashinsu, aka sa ƙaramar giya, mota ta taso a hankali. Wasu ma'aurata da ba mu taɓa gani ba suka tsaya, mijin ya kwanta rub da ciki yana haƙa tare da mu. Na sa hannu aljihu, dattijo ya girgiza mini kai. A wannan daji, in ji shi, ba a wuce motar da ta tsaya, ba a kuma biyan wanda ya tsaya maka.

A ƙarshen hanyar, a Cape Peron, tudun ƙasa ja wur ya gangaro ya haɗu da yashi fari, yashin ya shige ruwa kore shar, ruwan ya koma shuɗi can gaba. Daga saman Skipjack Point ana ganin cikin ruwan tar. Muka ga kunkuru, da ƙananan shak suna sintiri, sai wata dabba mai kauri ta ɗago hanci ta shaƙi iska ta koma. Dugon ke nan, dangin ayu na kogin Binuwai da Kwara. Wajen dubu goma ne a Shark Bay, suna kiwo a kan ciyawar da ke ƙarƙashin ruwa. A 2022 masana suka gano cewa wani fili na wannan ciyawa, mai tsawon kilomita 180, tsiro ɗaya ne tak da ya yi ta yaɗo, kuma ba a san wani tsiro da ya kai shi girma a duniya ba.

Zaman sansani kuwa lissafi ne. Ruwan sha a jarka yake, kowane kofi da ƙidaya. Kwano da yashi ake fara goge shi. Alwala da ruwan teku muka riƙa yi, tunda ya halatta, in mun yi nisa da gaɓa kuma mu yi taimama. Mu da muka tashi muna fuskantar gabas, a can yamma maso arewa ce alƙibla, har autanmu ya tambaya, "Abba, ba mu juya baya ba kuwa?" Da rana ƙuda kan fuska, ba ya jin kora, da la'asar iska ta taso ta nemi tsige tanti. Itace ba a tsinta a gandun, girki sai a tukunyar gas, shara kuma ka ƙulle abarka ka fita da ita. A sansanonin gaba ma sai ka zo da bayin tafi-da-gidanka kafin a bar ka ka kwana. Uwargida, wadda ta fi kowa ƙorafi, ita ce ta tuƙa tuwon semo da miyar kuka a bakin Tekun Indiya, matar dattijo ta ci ta nemi ƙari.

Carnarvon ta ba ni mamaki ta wata fuskar. Kogin Gascoyne da ya ratsa ta yashi ne zalla mafi yawan shekara, ruwan a ƙarƙashi yake gudu, ana janyo shi da injin ana noman ayaba da mangwaro da tumatir. Babban titin garin faɗinsa mita 40 ne, an yi shi haka don ayarin raƙuma masu dakon ulu su sami wurin juyawa. Masu raƙuman Musulmi ne daga Afganistan da yankunan da ke Pakistan a yau, kuma da gudummawarsu aka gina masallacin Perth a 1905. A bakin gonaki akwai rumfuna da kayan marmari, da farashi a rubuce, da akwatin jefa kuɗi, babu mai tsaro. Gaba kaɗan a Quobba teku kan kutsa ramukan dutse ya feso sama da ƙara mai firgitarwa, ga kuma ƙaton allo da ke gargaɗin cewa manyan igiyoyin ruwa suna kisa. Mun riƙe hannun yara gam.

Sai Ningaloo. Shingen murjani ne mai tsawon kilomita 260, wanda ya shiga jerin UNESCO a 2011, kuma abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne kusancinsa: daga bakin tanti ka taka cikin ruwa, kafin ya kai maka ƙirji ka iso. Ni da ban iya iyo ba na sa rigar da ke hana nutsewa, da gilashin fuska mai bututun numfashi, na kifa kai. Subhanallahi. Kifaye masu ruwan ɗorawa, da masu zane baƙi da fari, da wani kore mai baki irin na aku yana gatsar murjani har kana jin ƙarar haƙorinsa a cikin ruwa. Daga Maris zuwa wajen Agusta kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya, wani nau'in shak mai ɗige-ɗige wanda ba ya cin komai sai ƙananan halittun da yake tacewa daga ruwa, yakan zo nan. Ƙaramin jirgin sama ke hango shi ya sanar da jirgin ruwa, mutum goma su shiga a lokaci guda, kowa ya bar mita uku tsakaninsa da jikinsa, mita huɗu daga wutsiya. Kuɗin da tsada, babban ɗanmu kaɗai muka biya wa. Ya dawo bakinsa ya ƙi rufuwa har dare.

Amma in an tambaye ni abin da ya fi komai girgiza ni, ba kifi ba ne. Dare ne. Muna kwance a wurin da gari mafi kusa sai an yi sa'o'i a mota, da mace da yara, ba ƙofa sai zif, ba maigadi, ba ɗan sanda, kuma abin da ake tsoro shi ne ƙarewar ruwa, da fashewar taya, da maciji. Ba a lissafa ɗan'adam. Daren farko duk motsin da na ji sai na tashi zaune, kangaru ne ke lasar raɓa a jikin jarka. Na tuna dajin Rugu da na Kamuku da Falgore, wuraren da kakanninmu suka ratsa da jakuna, waɗanda yau sunansu kaɗai kan sa gaban matafiyi ya faɗi. Dattijo yana da 'yar na'urar da in ya danna za ta sanar da masu ceto inda yake ta tauraron ɗan'adam, kuma ya san akwai likitocin da ke zuwa da jirgin sama, aikin da aka fara tun 1928. Jarumtarsa ba ta fi tamu ba. Yana dai da tabbacin cewa in ya kira za a zo.

Wannan shirun kuma ba haka Allah ya halicci wurin ba kowa ba. Dirk Hartog, matuƙin jirgi ɗan ƙasar Holan, ya sauka a wani tsibiri na Shark Bay a 1616, bai ga abin ciniki ba, ya kafe faranti mai rubutu a jikin itace ya wuce. Amma mutanen Malgana da sauran 'yan asalin gaɓar sun riga shi da dubban shekaru. Da Turawa masu tumaki suka zo aka karɓe musu rijiyoyi da ƙasa, kuma tsakanin 1908 da 1919 an kwashe ɗaruruwansu, wasu a ɗaure da sarƙa, zuwa tsibiran Bernier da Dorre da sunan magani, da yawa ba su dawo ba. Yanzu ana tafiyar da wasu gandayen tare da jikokinsu, ana kuma dawo da sunayen wurare na asali a kan alluna. Dattijo da kansa ya ba ni wannan labari, bai ƙawata shi ba.

Ƙarshen yashi a gaɓar Ningaloo shi ne mashigin Yardie Creek, inda ake jiran teku ya janye kafin a tsallaka. Dattijo ya naɗe wando ya taka wurin da ƙafa tukuna, don motoci da dama sun kwana a nan ruwan gishiri ya cinye su. Muka haye, muka hura tayoyi, muka hau kwalta, muka wuce ta filayen da suri ya tsaya birjik kamar rumbunan gero bayan kaka. Exmouth gari ne da aka buɗe a 1967 saboda tashar sadarwar sojan ruwan Amurka, wadda doguwar hasumiyarta ta kai mita 387. Mu dai famfon wanka muka fara nema.

Ɗan'uwa ɗalibi ko ma'aikaci da Allah ya kai ka Perth, kada ka ƙare zamanka tsakanin aji da kanti. Ka nemi wanda ya san hanya ku tafi mota biyu, tsakanin Afrilu da Oktoba, kafin zafi da guguwa su shigo. Wurin kwana a gandayen ta intanet ake kamawa, ana buɗe shi watanni kafin ranar, kuma na hutun Yuli ba ya daɗewa yake ƙarewa.