Farabitin Mai'adua a Yaƙin Basasa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in yi magana a kan sojan ƙasa na Runduna ta Ɗaya, wadda Muhammadu Shuwa ya shugabanta a yaƙin basasa. Su suka fara ɓarin wuta a Gakem ran 6 ga Yuli 1967, suka ci Inugu cikin Oktoba. Kowa ya san Muhammadu Buhari na Daura yana cikinsu, Allah ya jiƙansa. To, farabiti fa?

A nan Mai'adua na san wani tsoho, harsashi na cikin cinyarsa har yau. Ran Lahadi yakan zauna gefen kasuwar shanu, ba mai tambayarsa kome. Malaman makaranta, don Allah ku je da alƙalami, ku rubuta sunayen irinsu da wuraren da suka gwabza, tun suna da rai.

Wasalam.

Wani malami, Mai'adua.