Tsohon Littafin Zane: Jari Ne Ko Sha'awa?

Akwai wani irin littafi da Turawa suka ƙware wajen yinsa, wanda ake ba da labari a cikinsa da zane maimakon dogon rubutu. Za ka ga an rarraba shafi gida gida kamar fangalin lambu, kowane gida da hotonsa. Maganar da mutum ya yi kuwa an rubuta ta cikin wani ɗan kewaye bisa kansa, da 'yar wutsiya tana nuna bakin mai ita. Wanda bai daɗe da sauke karatun yaƙi da jahilci ba yakan ji daɗinsa, domin in kalma ta gagare shi sai hoto ya agaje shi. Don yara aka fara yin su, ana sayarwa a kan 'yan kwabbai, a karanta a yar. Amma yau akwai dattawa masu furfura da ke bin su kasuwa kasuwa suna tarawa. Cikin masu tarawan nan kuma akwai waɗanda bugun asali bai ishe su ba, sai sun haɗa da wanda aka buga a waɗansu ƙasashe cikin waɗansu harsuna. Ni ma ina cikinsu, ko da yake abin da na tara bai cika akwatin ƙarfe guda ba. Tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Malam, abin nan yana kawo kuɗi?" Zan amsa, amma bari in fara nuna muku abin da ke sa mutum ya sayi labari ɗaya har sau biyar.

Mu ɗauki labarin Tintin, wanda Faransawa ke kira Tantan, kuma 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatun Faransanci sun san shi sarai. Wani mutumin Beljiyam ne mai suna Georges Remi ya ƙago shi, amma da laƙabinsa Hergé duniya ta san shi. Ran 10 ga Janairu 1929 Tintin ya fara fitowa a shafin yara na wata jaridar birnin Burasal. Saurayi ne ɗan jarida mai tukku a goshi, yana yawon duniya da ɗan farin karensa. Hergé ya rasu a 1983, ya bar littattafai 23 kammalallu da guda ɗaya da bai ƙarasa ba, an kuwa juya su cikin harsuna fiye da 70.

Abin da ya fara ba ni sha'awa shi ne sunaye. Karen nan Milou yake da Faransanci, Ingilishi suka ce Snowy, Jamusawa suka ce Struppi, mutanen Bengal na ƙasar Indiya kuwa suka raɗa masa Kuttus. A Holan, Tintin kansa ya koma Kuifje, watau mai ɗan tukku. Akwai waɗansu 'yan sandan ciki guda biyu, wawaye, masu kama da juna kamar an tsaga kara. A bugun Larabci na Masar ana kiransu Tik da Tak, a Sifen kuwa Hernández da Fernández. Kowace al'umma ta yi musu suna irin wanda zai ba yaranta dariya.

To, da a sunaye abin ya tsaya, da ban ɓata muku lokaci ba. Sau da yawa in littafin ya ƙetare iyaka, zanen kansa ake sakewa. Littafin da ake kira Baƙin Tsibiri, wanda labarinsa ya auku a Ingila da Sikotlan, ya fito a 1938 baƙi da fari, aka sa masa launi a 1943. Da kamfanin Methuen na Ingila ya tashi buga shi da Ingilishi, sai ya aika wa Hergé jerin kurakurai 131, ya ce Ingilar da ya zana ba ita ce wadda yaransu suka sani ba. Hergé ya tura mataimakinsa Bob de Moor ya je ya gano da idonsa, tun daga kayan 'yan sanda har jiragen ƙasa da motar kashe gobara, aka sake zana littafin daga farko har ƙarshe, ya fito a 1966. Wanda ya jera bugu ukun nan gabansa zai ga labari ɗaya cikin riguna uku.

Na Ƙasar Baƙin Zinariya, watau man fetur, ya fi wannan nauyi. A bugun 1950 Tintin ya sauka Haifa ne, a Falasɗinu, zamanin da Ingilishi ke riƙe da ita, ga sojansu, ga Larabawa, ga mayaƙan Yahudawa. Wannan kamfanin na Methuen ya ce yaran Ingila ba za su gane wannan zamani ba. Saboda haka a bugun 1971 aka share Falasɗinu ɗungum, aka mayar da labarin wata ƙasar Larabawa ta ƙage. Abu ɗaya da na yaba shi ne, rubutun da ke jikin bango da alluna, wanda dā kwaikwayon Larabci ne kawai, an maye shi da Larabcin gaske wanda almajiri zai iya karantawa. Amma wanda bugun baya kaɗai ya sani ba zai taɓa sanin cewa an taɓa ambaton Falasɗinu a littafin ba.

Amurkawa ma sun yi nasu. Sa'ad da kamfanin Golden Press ya buga guda 6 a 1959 da 1960, ya nemi a cire baƙaƙen mutane daga inda aka zana su tare da farare, a kuma cire hoton da kyaftin ɗin jirgin ruwa, abokin Tintin, ke kafa kai a kwalbar giya. Aka yi musu. Duk da haka littattafan ba su karɓu ba, aka daina bugawa, rashin karɓuwar nan kuwa shi ya sa yau ake nemansu. A ƙasar Sin kuma, a 2001, littafin Tintin a Tibet ya fito da suna Tintin a Tibet ta Sin, sai da magadan Hergé suka ƙi amincewa aka mayar da sunan yadda yake.

Akwai guda ɗaya da ba na jin daɗin buɗewa, amma ina ajiye da shi, watau Tintin a Kwango, na 1931. An zana mutanen Afirka a cikinsa da manyan leɓɓa, ana nuna su kamar yara marasa wayo masu jiran Bature ya yi musu tunani. A bugun farko akwai inda Tintin ya shiga aji yana koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu. A bugun 1946 aka mayar da darasin lissafi, biyu a tara da biyu. Mutanen Fotugal, waɗanda suka riga kowa fassara Tintin tun 1936, da suka zo kan wannan labari sai suka mayar da Kwango Angola, domin ita ce ƙasar da suke mulka. A 1975 masu buga littattafai na ƙasashen arewacin Turai suka ƙi shafin da Tintin ya huda bayan karkanda ya sa mata nakiya, aka sake zana shi, karkanda ta tsira da ranta. Ku dubi wannan da kyau, jama'a: an ji tausayin karkanda, amma leɓɓan mutane suna nan yadda suke. Hergé da kansa daga baya ya yarda cewa da idon mutanen zamaninsa ya zana littafin. Ni dai a ganina kowane bugu shaida ne, yana faɗin abin da masu bugawa suka ji kunyarsa a shekarar nan da abin da ba su ji ba.

Yanzu sai maganar kuɗi. Gaskiya ne ana jin labarai masu sa mutum ya riƙe baki. A Janairu 2021, a wani gwanjo a birnin Faris, an sayar da zane guda da Hergé ya yi don bangon littafinsa na ƙasar Sin a kan Yuro miliyan 3 da 'yan kai. Amma ku lura, zanen hannunsa ne, guda ɗaya tak a duniya, ba littafin da injin ya buga dubbai ba. A Amurka kuma, mujallar Action Comics ta farko, ta 1938, wadda Superman ya fara fitowa a cikinta, an sayar da ita sabuwa a kan santi 10, watau ushirin dala. A Afrilu 2024 wani ya sayi guda ɗaya dala miliyan 6. An buga wajen 200,000, waɗanda suka rage kuwa ana ƙiyasta ba su wuce 100 ba. Yara sun yayyage, iyaye mata sun share da shara, lokacin yaƙin duniya na biyu kuma aka tattara tsofaffin takardu don aikin yaƙi. Sakacin mutane ne ya yi mata tsada.

Da labarin irin wannan tsada ya bazu a Amurka, sai kowa ya ce shi ma ya ga hanyar arziki. A 1991 aka sayar da fitowar farko ta wata sabuwar mujallar X-Men fiye da miliyan 8. Mutane suna saye biyar biyar, goma goma, suna nannaɗewa cikin leda ba su ko buɗe ba, suna jiran ranar da za ta yi tsada. Ina za ta yi tsada, alhali kowa yana da ita, kuma ba wanda ya yar da tasa? Kasuwa ta faɗi, kantuna da yawa suka rufe, kamfanin Marvel mai buga ta ya kai kansa kotu a Disamba 1996 ya ce bashi ya fi ƙarfinsa.

Bugun ƙasashen waje kuwa sha'aninsa dabam ne. Wajen ƙaranci, sau da yawa ya fi na asali wuyar samu. Wanda aka buga da Farisanci a Tehran kafin juyin juya halin 1979, da na Darul Ma'arif na Alƙahira, da 'yan ƙananan nan kamar tafin hannu da aka yi ta bugawa a Sin cikin shekarun 1980 ba da izinin mai shi ba, duk yara ne suka karanta su har suka mutu a hannunsu. Amma ƙaranci shi kaɗai ba ya yanka wa kaya farashi, sai akwai mutum biyu masu kuɗi da ke son abu ɗaya. Galibi mai neman bugun Farisanci shi ne wanda ya karanta shi yana yaro, yanzu ya girma yana begen ƙuruciyarsa. Irin waɗannan ba su kai yawan masu neman bugun Faransanci ba. Saboda haka kana iya riƙe littafin da bai fi 'yan ƙalilan a duniya ba, ka shekara kana neman mai taya shi. In ka samu kuma, mai gwanjo ya cire la'adarsa, ga kuɗin aikawa. Wanda ya sayi tunkiya da kuɗinsa, kafin shekara ta zagayo ta haihu. Littafi yana kwance a akwati ne kawai, yana jiran wani ya so shi fiye da yadda ka so shi. Amsata ke nan ga masu tambaya: kada mutum ya sa kuɗin hatsin gidansa a ciki. In da rara, ya sayi wanda ransa ke so, in riba ta zo ta tarar da shi.

Ga kuma wata wahala tamu ta nan ƙasar. Masu saye suna duba lafiyar littafi kamar yadda dillali ke duba haƙoran doki. Ɗan lanƙwasa a kusurwa, ko sunan yaro da tawada a shafin farko, ya isa ya zubar da farashi ƙwarai. A Amurka har akwai kamfanin da tun shekarar 2000 aikinsa ke nan, ya duba mujalla ya ba ta maki daga ƙasa zuwa 10, sa'an nan ya rufe ta ruf cikin akwatin roba mai haske. Ni wannan bai kwanta mini ba, don in aka rufe ba sauran mai karantawa. To, mu da muke fama da gara da kyankyaso da ɓera, ga laimar damina mai sa takarda ta yi tabo, ga ƙurar hunturu, ga rana mai kashe launi, yaya za mu yi gasa da wanda ya ajiye nasa a ɗaki mai sanyi? Nawa dai suna cikin akwatin ƙarfe bisa duwatsu, nesa da bango, ina fito da su su sha iska a inuwa in damina ta wuce.

Wanda ya ci karo da tsohon Tintin na Faransanci wajen masu baza littattafai a bakin hanya, kada ya yi cinikin biri a sama. Shekarar da aka rubuta a shafin ciki sau da yawa ta fitowar labarin ce, ba ta bugun da ke hannunka ba. Juya bayan littafin. Kamfanin Casterman, mai buga su tun 1934, yakan jera sunayen littattafan da suka riga suka fito a bangon baya, sai ka dubi na ƙarshe a jerin, shi zai gaya maka wajen shekarar da aka buga. Masu tarawa sun ba kowane irin bangon baya harafi da lamba, suna kuma duba launin ƙyallen da aka ɗaure gadon bayan littafin da shi. A yi hattara musamman da na farkonsu duka, Tintin a Ƙasar Sobiyet, na 1930. An daɗe ba a sake buga shi ba, har ɓarayin ɗab'i suka yi ta buga na jabu, sa'an nan a 1981 Casterman ya fitar da wani mai kama da na asali ƙwarai. In wani ya miƙo maka shi da araha ya ce na 1930 ne, shinshina takardar, ka daga ta ga haske, ka kuma nemi sunan maɗaba'a da shekara a ƙananan baƙaƙen da ke ciki.