Faifan Da Kakana Ya Bari

Tun ina ƙarami ni da kakana ba mu rabuwa da gardama a kan kiɗa. In na kunna waƙoƙin zamani a waya, sai ya ce, "Kai, ɗan nema, wannan ai hayaniya ce." Ni kuma in ce masa kiɗansu na garmaho ya tsufa kamar shi. Wasan jika da kaka ne, amma ni har zuciyata haka na ɗauka.

Bayan rasuwarsa, Allah ya ji ƙansa, aka fito da wani akwati cike da faya-fayai, aka ce a ba masu sayen tsofaffin kaya. Na roƙi Baba ya bar mini guda ɗaya tare da garmahon lantarkin. Na ɗauki wanda bangonsa ya fi kowanne tsufa, don na san shi ya fi sha hannu.

Sunan faifan Root Down, na Jimmy Smith, wani baƙar fatar Amurka wanda ya rasu a 2005. An ɗauki kiɗan ran 8 ga Fabrairu, 1972, a wani gidan rawa a birnin Los Anjalas, a gaban jama'a. Abin kiɗansa shi ne ogan ƙirar Hammond B-3. Yana da jeri biyu na madannai don hannuwa, da wasu a ƙasa don ƙafafu. Ana haɗa shi da lasifikar Leslie, wadda ƙahonta ke juyawa a ciki, shi ya sa sautin ke rawa kamar muryar mai kuka. A daren nan an haɗa jaz da fank, ga jita, ga ganguna, ogan na kira suna amsawa.

Abin da ya fara kama ni shi ne, ana jin mutanen wurin suna tafi. Makaɗan ba su da damar tsayawa su gyara kuskure. Abin da hannu ya buga, shi duniya za ta ji.

Ina cikin saurare sai yayana ya leƙo, ya ce ai ya san wannan kiɗa. Ya lalubo wata waƙa a wayarsa ya kunna. Wallahi sai ga kiɗan kakana a ciki, wasu samari na rero baitoci a kansa! Ashe mawaƙan hip-hop na Niyok da ake kira Beastie Boys ne suka yanko shi a 1994, har suka sa wa waƙarsu sunan faifan. Shekara 22 ke nan tsakani.

Jikina ya yi sanyi. Irin kiɗan da nake taƙama da shi ashe daga tukunyar su kakana aka ɗebo. Shi ma da ya ji, da ya gane jikan kiɗansa ne yake kira hayaniya. Mun yi shekaru muna musu a kan abu ɗaya, ga shi yanzu babu halin in gaya masa.

Sauran faya-fayan sun tafi, ban san abin da ke cikinsu ba. Don haka, 'yan'uwana ɗalibai, wanda kakansa ke da rai ya zauna ya saurari abin da tsohon ke so tun kafin a fito da akwatinsa. Iyayenmu kuma, don Allah a riƙa buɗe akwati kafin a sayar.