Man Goge Mota Mai Aiki Uku: Abin Da Na Koya A Wajen Wankin Mota

Na san wasu daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamakin ganin batun goge mota a cikin mujallar Sashen Hausa, inda aka saba karanta nazarin waƙa da nahawu da al'ada. Dalilina shi ne, shekara uku ke nan ina cinye hutuna a wani wajen wankin mota a Kaduna, kuma daga can ne kuɗin rajistata da na littattafaina suke fitowa. Sana'ar da ta riƙe ni a jami'a ta cancanci in yi bayaninta da harshen da nake nazari. Zan taƙaita magana a kan man nan da masu mota suke yawan tambaya, watau wanda yake wanke fenti, ya goge shi, ya kuma kare shi a shafa ɗaya.

Kafin mutum ya zaɓi man goge, wajibi ne ya san abin da zai goge. Fentin motar zamani hawa uku ne. Akwai shimfiɗar farko mai kama ƙarfe, sai launi a bisanta, sa'an nan wani fenti garai-garai marar launi a can sama, wanda shi ne yake ba mota sheƙi. Kaurin wannan na saman yakan kasance maikiron 40 zuwa 50, kuma maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Fallen takardar da muke rubutu a kai ya kusa ninka shi biyu. Duk lokacin da aka goge mota, ana kankare wani abu ne daga wannan ɗan siririn hawa, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa sai an je wurin mai fenti an biya kuɗi mai yawa.

Mu a nan Arewa, babban abokin gabar fenti shi ne hazon hunturu. Yawancin ƙurar nan iska ce take kwaso ta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, kuma tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi waɗanda suka fi fenti tauri. Direban da ya tashi da safe ya kama busasshen tsumma ya share ƙurar, daidai yake da wanda ya bi motarsa da samfefa. Shi ya sa za ka ga baƙar mota a rana cike da siraran zane-zane kamar saƙar gizo-gizo. Zafin bazara kuma yana dafa fenti har ya dushe, ga kashin tsuntsu da ƙaron itace masu cin jikinsa in an bar su suka kwana biyu.

A cikakken aiki, gwani yakan bi mataki uku: ya fara da man da yake da kaushi don share zane, ya bi da mai laushi don fito da sheƙi, sa'an nan ya rufe da kaki don kariya. Wannan yakan cinye yini guda ko fiye. Man mai aiki uku ya tattara matakan nan a kwalba ɗaya. A cikinsa akwai gari mai laushi ƙwarai wanda yake kankarar fenti kaɗan, da sinadarin da yake narkar da datti, da kuma abin kariya. Abin kariyar nan wani lokaci haɗin masana'anta ne, wani lokaci kuwa kakin karnuba ne, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Barazil. An fi son sa saboda ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 80. Sana'ar kuwa tsohuwa ce, domin kamfanin Meguiar's na Amurka ya fara ne tun 1901 da man goge kayan katako kafin ya koma ga motoci.

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Man da ya haɗa aiki uku ba zai share zane kamar mai kaushi ba, kuma kariyarsa takan ƙare cikin 'yan makonni ko 'yan watanni. Amma ga ɗan tasi da ma'aikacin da ba shi da yini guda na ajiye mota, ya wadatar matuƙa. Wajen zaɓe, abu na farko shi ne a ja farce a kan zanen. In farce ya maƙale, zanen ya yi zurfi, babu man da zai share shi. Na biyu, a karanta jikin kwalba a ga ko na hannu ne ko na inji. Na uku, a guje wa wanda aka ɗura a gorar ruwa babu suna babu bayani, domin araha ba ta ado. Motar da aka yi wa sabon fenti kuwa, a bar ta wata ɗaya zuwa uku kafin a rufe ta da kaki, don fentin ya gama bushewa.

Wajen aiki, wanki shi ne tushe. A yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashi ya koma jikin mota. Kada a sa garin sabulun wankin tufafi. In mota ta bushe, a kai ta inuwa a jira ƙarfen ya huce, domin a kan bodi mai zafi man yakan bushe kafin ya yi aikinsa. A ɗiga ɗigo uku ko huɗu, kowanne kamar ƙwayar wake, a kan soso mai laushi. A fara gwadawa a wani lungu. Daga nan a riƙa ɗaukar wuri kamar kamu ɗaya tsawo kamu ɗaya faɗi, ana murzawa a hankali har man ya yi shara-shara, sa'an nan a share da tawul mai laushi mai tsabta. A kiyaye baƙar robar bamba da ta gefen gilashi, domin man yana barin farin tabo a kansu. A kuma sassauta hannu a kan kusurwoyi, inda fenti ya fi siranta. Na taɓa ganin wani yaro ya danna inji a gefen bonet, kafin ƙiftawar ido launi ya tafi, aka zabtare masa ladan wata biyu.

Hutun da ya wuce, baffana ya kawo mini tsohuwar Fijo 504 tasa, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Ƙarfinsa ya ƙare, yana son ya sayar ya ja jari. Fentinta irin na da ne mai hawa ɗaya, saboda haka da na fara murzawa sai soso ya rine da launin motar. Hankalinsa ya tashi, ya ce, "Kai yaro, za ka fige mini ita?" Na ce, "Baffa, mataccen fenti ne yake fita, mai ran yana ƙasa." Kafin la'asar farin nan ya dawo da haskensa. Sai dai akwai zane biyu a ƙofa da man ya cike su kawai, waɗanda za su sake bayyana bayan 'yan wanke-wanke. Muka yi shawara, baffa ya nuna wa mai saye su da hannunsa, aka yi ciniki babu ɓoye-ɓoye.

Abu ɗaya ya rage da ya shafe mu kai tsaye. A wajen aiki folish muke cewa, ko mai kaushi ne, ko mai laushi, ko kaki. Wannan suna guda yakan sa mai mota ya biya kuɗin wani abu a yi masa wani. Bayanin da ke jikin kwalaben kuma da Turanci yake, alhali yawancin yaran da suke aikin ba su karanta shi. Ina roƙon malamanmu masu aikin ƙirƙirar kalmomi da su tura mu garejoji da tashoshin mota mu tattaro kalmomin masu sana'a, mu kuma rubuta musu ɗan littafin jagora da Hausa. Ni kam na riga na fara cika littafin rubutu guda da abin da na tsinta, kuma a shirye nake in miƙa shi ga duk wanda zai ɗauki aikin. Allah ya sa mu dace.